Buhun Waken Baiwa

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Anti ina ci gaba", na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Ba jan aji nake ba, wuta ce ta yi yaji a unguwarmu, mai cajin bakin titi kuma ya ba wata tsohuwa wayata ta wuce biki da ita. Ke kuma da kika rubuta cewa Bilkisu marowaciya ce, matso kusa, yau za ki ji daɗi.

*

Yunwar da Bilkisu ta kwaso daga makaranta ran Alhamis ɗin nan ba ta wasa ba ce. Tun safe take haƙilo da 'yan aji huɗu a firamaren da kwalejinsu ta turo su koyarwar gwaji a Safana: yara maƙil har kan taga, alli guntu ɗaya, Hedimasta kuma sai leƙe yake kamar ya ba ta ajiya. Abu ɗaya ne ya riƙe mata ƙafa har aka tashi, shi ne garau-garau. Tana koyar da lissafi tana hango shi, shinkafa da wake, mai na sheƙi, yaji a gefe, uwa uba ƙanzon gindin tukunya. A duniyar Bilkisu, in ka cire uwa da uba, to ƙanzo ne na uku.

Su uku ne a ɗakin da suka kama haya, kuma tukunyarsu ɗaya tun shekararsu ta farko a kwaleji. Kowacce da abin da take kawowa daga gida. Bilkisu 'yar Batsari ita ce mai shinkafa da man gyaɗa, ko da yake tun da aka cire tallafin mai albashin babanta ya daina ganin tsakiyar wata, shinkafar ta koma afafata, gutsattsarin nan da a da kaji ma sai sun yi shawara kafin su ci. Sarah 'yar Babban Duhu ita ce mai garin masara da kuka da daddawa. Wake kuwa na Baiwa ne, 'yar Ruma, fari tas manya-manya, noman babanta.

To waken nan ne yau wata guda ba a ga idonsa ba. Yana nan dai a bayan ƙofa cikin buhun taki, an ɗinke bakinsa ram. Kullum aka tambaya sai Baiwa ta ce Innarta ta cuɗa shi da toka don kada ƙwari su huda shi, kamar yadda ake yi a ƙauye, a bari tukuna tokar ta gama aikinta. Ita kanta Baiwar tun da suka zo Safana ta zama wata ustaziya. Azumin Litinin da Alhamis, azumin tsakiyar wata, sauran kwanakin kuma ta ce ramuwa take. Magariba na kawowa sai ta zura hijabi ta ce ta tafi gidan gwaggonta shan ruwa.

"Wannan ramuwa taki," Bilkisu kan ce mata, "hala har da na kakarki kike biya."

Sai Baiwa ta yi murmushi kawai ta fice.

Yau dai haƙurin Bilkisu ya ƙare. Ta jefar da jaka, ta dubi Sarah da ke kwance kan katifa tana fifita da murfin littafi.

"Sarah, miƙo min rariya da wuƙa."

"Mi za ki yi da su?"

"Yau buhun nan zai yi magana."

"Ta ce hwa kar a taɓa sai ƙwari sun mutu."

"Wata guda? Ko ƙwarin nan da layu suke yawo ai yanzu an yi sadakar bakwai ɗinsu."

"Ki bari ta dawo daga makaranta mana."

"Ta tsaya gyaran jarrabawar yara, sai la'asar. Ni kuma cikina ba ya gyaran jarrabawa. Ki hura gawayi kawai."

Ta ja buhun zuwa tsakar gida, ta farke ɗinkin. Masha Allah! Ga wake nan a sama, fari sol, yana kallonta tana kallonsa. Har wata 'yar waƙa ta fara. Ta kamfato da kwano ta zuba a rariya ta girgiza, tokar ta zube, wake ya tsaya. Ta sake kamfatowa, wannan karon ƙwaya biyar ko shida suka tsaya. Ta sake, babu ko ɗaya.

Waƙar ta tsaya.

"Ƙila ya gangara ƙasa," in ji Sarah.

Bilkisu ta naɗe hannun riga ta zura hannu har gwiwa. Toka. Ta ƙara dannawa har kafaɗa, fuskarta a bakin buhu, sai ga atishawa ta zo mata ba sallama. Tokar ta tashi buu ta dawo mata a ka. Da ta ɗago, gira fari, gashin ido fari, idanu biyu kawai ke motsi. Sarah ta faɗi zaune tana riƙe ciki.

"Wayyo Allah, Bilki! Kamar wadda ta kwana cikin murhu!"

"Ki ci gaba da dariya, ai ke ma da shi za ki ci abinci."

Ta kifar da buhun gaba ɗaya. Toka ta zubo, bayanta yashi, yashi mai yawa irin na rafi. Duk waken da aka samu, da na sama da wanda aka tsinto, bai cika gwangwanin madara ba.

Sarah ta daina dariya.

Bilkisu ta tsaya riƙe da ƙugu, zuciyarta na tafasa. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ya kwashe waken Baiwa ya cika mata buhu da shara, kuma duk gidan nan mutum ɗaya ce zuciyarta ta nuna mata.

Ita Bilkisu dama mutum ce mai abubuwan ƙi da yawa. Ta tsani a ari cajarta a dawo da ita a lanƙwashe. Ta tsani "ɗan kunna min datarki minti ɗaya", don ta san minti ɗayan nan ba ya ƙarewa sai datar ta ƙare. Amma duk waɗannan wasan yara ne a kan Zuwairatu. Zuwairatu 'yar kwalejinsu ce, a ɗakin da ke kallon nasu take, kuma Allah ya yi mata hanci. Ba ta taɓa zuwa ana hura wuta ba, ba ta taɓa zuwa ana wanke-wanke ba, sai daidai lokacin da aka sauke tukunya za ka ji sallamarta, da cokalinta a aljihun hijabi. Ranar da suka tare a Safana ta wuce gona da iri, ta kankare ƙanzon da Bilkisu ta ajiye don ta ci a nutse. A ranar Bilkisu ta miƙe a gaban kowa ta daki ƙirji ta ce, "Wallahi tallahi, daga yau duk wadda ba ta kawo nata ba, ba zan ƙara bari ta sa hannu a tukunyar nan ba, ko cikinmu ɗaya da ita!" Tun daga ranar Zuwairatu sai dai ta zo ta shaƙi ƙamshi ta wuce.

Kamar an kira ta kuwa, sai ga sallama daga zaure.

"Salamu alaikum 'yan albarka, na ji kamar an taɓa kurfotin gawayi... Innalillahi! Bilkisu, gamo kika yi?"

"Da ke na yi gamo. Ina waken Baiwa?"

"Wane wake?"

"Wanda kika kwashe kika cika mana buhu da toka da yashi!"

Zuwairatu ta dubi tulin tokar, ta dubi buhun. Wani abu ya gilma a fuskarta, amma Bilkisu ba ta cikin yanayin karanta fuska.

"Ni? Haba Bilkisu, ki ji tsoron Allah. Ni fa ina da ƙa'ida. Tunda nake ban taɓa ɗaukar ɗanyen abu ba. Dafaffe nake ci, shi ma a gaban mai shi, yana hararata ina ci."

"Wannan kam gaskiya ta hwaɗi," in ji Sarah.

"Ke ki yi min shiru!"

"Kuma in saci wake in dafa shi da wane gawayin? Kin taɓa ganin hayaƙi a ƙofar ɗakina?"

"Ba za ki ruɗe ni da surutu ba. Yarinya ta ɗauko kaya tun daga Ruma, ga ta baiwar Allah kullum cikin azumi, ke ko tausayi babu! Bari ta dawo, ƙafata ƙafarki har gidan gwaggonta, a gaban manya za ki faɗi inda kika kai shi."

"Gidan wa?"

"Gwaggonta!"

"Wace gwaggo?"

"Wadda take zuwa shan ruwa wurinta mana!"

Zuwairatu ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. Ta gyara tsayuwa.

"Bilkisu, duk garin Safana babu gidan da hayaƙi ke tashi da ban san sunan matar gidan ba. Na san mai yawan gishiri, na san mai rowar mai, na san wadda tuwonta ke gudaji. In Baiwa na da gwaggo a garin nan, da ni zan fara sani, don da tuni na zama 'yar gida."

Sarah ta matso kusa.

"To ina take zuwa?" in ji Sarah a hankali.

"Ta sa na yi mata alkawari," in ji Zuwairatu.

"Zuwairatu!"

"Ke kika ja, Bilkisu. Ɓarauniya kika ce min, ni kuma duk lalacewata ba zan ɗauki wannan ba."

Ta zura hannu a aljihun hijabi. Ta fito da cokalin nan da kowa ya sani. Ta sake zurawa ta fito da wata 'yar farar leda a ƙulle, ɗanwake ne a ciki 'yan ƙwayoyi, da gutsuren dankali, da rabin ƙosai.

"Wannan fa?"

"Buɗa-bakin Baiwa ne na yau. Ɗanwaken daga gidan mai unguwa, dankalin daga wurin malamar aji biyu. Ƙosan kuma kada ki tambaye ni."

Zuwairatu ta ɗaga ledar, ta ci gaba.

"A makon farko na same ta bayan ajin ƙarshe, gindin darbejiya, tana shan ruwa da magarya. Magarya fa, Bilkisu, sai ruwan famfo. Tun daga ranar duk inda na sa cokali, ɗaya a baki ɗaya a leda. Shi ya sa na ƙara gidaje. Har ana cewa cina ya ƙaru, ni kuwa dubi wuyana, duk na rame."

Maganar gaskiya wuyan Zuwairatu bai nuna alamar rama ba, amma babu wanda ya iya dariya. Bilkisu ta dubi ledar. Wata guda tana kwana katifa ɗaya da yarinya, tana yi mata tsiyar ramuwar kaka, ashe ita yunwa take kwana da ita. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Amma me ya sa? Me ya hana ta ci da mu?"

"Ga ta nan, ki tambaye ta."

Baiwa ce tsaye a bakin zaure, rungume da takardun yara. Ba wanda ya ji shigowarta. Ta dubi buhun a kife, ta dubi tokar da yashin, ta dubi gwangwanin madara da ɗan waken da ke ciki. Sannan ta dubi ledar da ke hannun Zuwairatu. Leɓenta a bushe, ya ɗan motsa.

"Wa ya buɗe?"

"Ni ce," in ji Bilkisu. "Baiwa, garau-garau kawai na..."

"Na ce a bari."

"Na ɗauka sata aka yi miki."

"Ba wanda ya yi mani sata." Ta ajiye takardun a kan turmi. "Haka na zo da shi."

"Haka kika zo da shi? Tun daga Ruma kika ɗauko toka?"

"Ba daga Ruma ba. Daga Batsari."

"Batsari kuma? Garinmu?"

Baiwa ta zauna a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

"Bana ba mu yi noma ba, Bilki. Gonarmu bakin daji take. Tun da anka ɗauke mutane a gonar maƙwabcinmu Baba ya ce rai ya hi wake. Munka taso tun kahin ruwa ya zauna. Muna nan Batsari, zauren wani ɗan'uwan Baba, bayan tasha."

"Bayan tasha! Baiwa, daga nan zuwa gidanmu ko takalmi ba sai na sa ba! Duk hutun nan kina bayan gidanmu?"

"Ina ganinki in za ki kasuwa. Sai in koma ciki."

Sarah ta share ido da bakin zane.

"To tokar hwa?"

"Inna ce. Ranar da zan taho na ce mata in tahi haka nan, ƙawayena ba baƙi ba ne. Ta ce ita ɗiyarta ba ta shiga cikin ɗiyan mutane hannu rabbana, shekara biyu ana ganinta da buhu. Ta bi maƙwabta ta tara toka, ƙanena ya ɗebo yashi don ya yi nauyi. Waken sama kuma iri ne, wanda Baba ya ɓoye ko Allah zai sa a koma gona baɗi. Ta ɗiba bai sani ba." Ta ɗan yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Har mai mota ya ce kayan ya yi nauyi, sai da anka yi ciniki."

Zuwairatu ta toshe baki, dariya na neman ƙwace mata, hawaye kuma na zuba.

"To da kika zo me ya hana ki faɗa mana?" in ji Bilkisu. "Mu ne fa! Ni ce fa da kika yi jinyata da na yi taifot, har kashina..."

"Bilki, a bar wannan," in ji Sarah.

"Na yi niyyar hwaɗi," Baiwa ta ce. "Ranar da munka tare. Ina jira a gama cin abinci in ce ku zauna ina da magana. Har na buɗe baki. Sai wannan ta cinye ƙanzo."

Duk suka juya suka dubi Zuwairatu.

"Ƙanzon ma ya ƙone," in ji ta a hankali.

"Sai kika miƙe kika rantse. Wallahi tallahi kika ce. Duk wadda ba ta kawo nata ba, ko cikinku ɗaya."

"Ai da Zuwairatu nake!"

"Ba ki ce Zuwairatu ba. Duk wadda kika ce. Rantsuwa kuma ba ta san ƙawa ba. In na sa hannu kin sani kin bar ni, kahhwara ta hau kanki. In na ci ba ki sani ba, na ci da ha'inci. Ke kuwa Bilki, na san ki. Ko azumin watan Ramadan sai mun riƙa yi maki hihita muna ɓoye agogo. Ina za ki iya wani na daban saboda ni?"

"Shi ne kika zaɓi yunwa?"

"Na ga tunda dai yunwar zan zauna da ita, gara in ɗaura niyya in samu lada. Da asara biyu gara ɗaya."

Bilkisu ta durƙushe a cikin tokar. Baki shi ke yanka wuya, yau ta ga haka da idonta. Ta kafa doka don ta kori mai cokali ɗaya, ashe aminiyarta ta kora, mai cokalin kuma ita ce ke ciyar da ita. Hawaye suka zubo mata suka ja layi biyu a kan tokar fuskarta.

Baiwa ta miƙe ta shiga ɗaki. Sai ga ta ta fito da jakarta, a ɗaure tsaf.

"Ina zuwa?" in ji Sarah.

"Tun jiya na haɗa. Dama gobe Juma'a na yi niyyar tahiya, ba zan dawo ba. Yanzu kuma da asiri ya tonu ban ga abin jira ba."

"Kin san in kika bar koyarwar gwajin nan shekarar ta tashi a banza?"

"Na sani. Amma ba ni zama ana kallona ana tausayi, ana rage loma saboda ni."

"To yanzu wace motar za ki samu? La'asar ta wuce, wa ke bin hanyar Batsari war haka?"

"Sai in kwana tasha."

Sarah ta matso. Ta fizge jakar ta ajiye a ƙasa ta zauna a kai. Sarah kuwa Allah ya yi mata jiki, in ta zauna a kan abu sai dai a yi wa mai shi jaje.

"Sarah, tashi mani bisa kaya."

"Ƙahwata ke ciwo. Kuma ni ina da hwatawa. Ga wake nan cikin gwangwani, naki ne ko ba naki ba? To kin kawo. Rantsuwa ba ta ce tiya ba, ba ta ce buhu ba."

"Ji malama!" in ji Zuwairatu. "A wane cocin aka koya miki fatawa?"

"Zama da ku mana."

"Kar ki maishe ni yarinya, Sarah," in ji Baiwa. "Wannan na yau ne. Gobe hwa? Jibi hwa? Kuma irin Baba ne, ko ƙwaya ɗaya ba a dahwa shi."

Bilkisu ta ɗago. Ta ɗauki gwangwanin, ta juye waken a wani ƙyalle mai tsabta, ta ƙulle shi da kyau ta ajiye a kan taga. Ta ja kurfoti, ta wanke afafata, ta ɗora tukunya. Ko fuskarta ba ta wanke ba. Tana fifita wuta tana jan hanci, tokar kanta na sauka a hankali, Zuwairatu kuma ta matso ta karɓi mafici, abin da tarihi bai taɓa gani ba.

Baiwa na zaune a bakin ƙofa ta juya musu baya. Tukunya na ta tafasa.

Ana kiran sallar magariba Bilkisu ta sauke. Shinkafa da mai da yaji ce kawai, garau-garau ba wake. Ta juye a babban faranti, ta kankare ƙanzon kaf ta ɗora a gefe guda, ta juya gefen wajen Baiwa. Ta ajiye kofin ruwa.

"Bismillah. Sha ruwa."

Baiwa ta ɗauki ruwan ta sha. Ta miƙa wa Zuwairatu hannu.

"Ba ni ledata."

"Baiwa, ga abinci," in ji Bilkisu.

"Ban kawo ba."

"Na janye maganar."

"Ba a janye wallahi, Bilki. Ba ni zama sanadin da za ki karya rantsuwa."

Bilkisu ta dube ta. Ta san taurin kan 'yar Ruma, in ta kafe ko motar a-kori-kura ba ta janta. Sai ta juya a hankali.

"Zuwairatu."

"Na'am?"

"Fito da cokalinki."

Zuwairatu ta ja da baya.

"Tarko ne?"

"Me kika kawo a tukunyar nan?"

"Ni? Fifita."

"Fifita ba abinci ba ce. Ba ki kawo komai ba, ko?"

"Ko gishiri."

"To ni Bilkisu, da hankalina, da yunwata, na ce ki sa hannu. Ci!"

Ba a maimaita wa Zuwairatu irin wannan umarni. Kafin Baiwa ta ce "tsaya", cokali ya je ya dawo, har ya sake komawa.

"Shi ke nan," in ji Bilkisu, tana kakkaɓe hannu. "Rantsuwa ta karye, kuma ba ke kika karya ba. Yanzu ko kin ci ko ba ki ci ba, kaffara ta hau kaina. Malama Baiwa, nawa ne kuɗin sabulun?"

Baiwa ta ajiye kofin ruwan.

"Ciyar da miskinai goma," ta ce a hankali.

"Mu huɗu ga mu," in ji Sarah daga kan jaka. "A nemo shida."

"Da wace shinkafar? In babu hali fa?"

"Azumin kwana ukku."

Bilkisu ta ƙirga da yatsu. Kwana uku! Ta ji kamar an ce mata ta taka zuwa Katsina a ƙasa. Amma ta dake.

"Na ɗauka. Saura ke. Kada ki sa in yi azumin kwana uku saboda Zuwairatu ita kaɗai, wallahi baƙin ciki zai..."

"Kar ki ƙara rantsuwa!" suka haɗa baki su uku.

Baiwa ta dubi farantin. Sannan ta miƙe, ba wajen abincin ba, wajen jakarta.

"Sarah, ɗaga."

Sarah ta dubi Bilkisu, ta dubi Baiwa, ta ɗaga a hankali. Baiwa ta zuge jakar, ta cusa hannu can ƙasa tana lalube, ta fito da cokalinta. Ta sake zuge jakar ta rufe, ta dawo ta zauna, ta gutsuri ƙanzon nan ta raba biyu, ta tura wa Bilkisu rabi.

"Jakata na nan ɗaure," ta ce, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. "Zan tsaya in ga ƙarshen azumin nan, daga gobe, a jere. In kin kai, in kwance kaya, in ci tukunyar nan ba kunya har a gama. In kin karya, na san nauyi na zame maki, in kama hanya."

"Faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji Bilkisu da baki cike. "Dama ina son in rage tumbi. Kwana uku ai kamar yau ne."

Zuwairatu ta tsaya da cokali a iska.

"Daga gobe kuka ce?"

"Daga gobe."

"Af! Ashe ban gaya muku ba. Gobe ne fa sunan gidan Hedimasta, matarsa ta haifi 'yan biyu. Ya ce malaman gwaji mu je tun hantsi, mu ne a kan tukwane. Na leƙa ɗazu, shinkafa 'yar gwamnati ce, ba afafata ba. Kuma uwargidan ta ce ita ba ta son ƙanzo, duk mai so ya kwashe."

Taunar Bilkisu ta tsaya cak.

Sarah ta dubi jakar. Baiwa ta dubi Bilkisu.

"Zuwairatu," in ji Bilkisu da wata siririyar murya, "raguna nawa kika gani a ɗaure?"